Na je ba da jini, aka ce ni ke da buƙata

Jinina rukunin O ne, don haka a danginmu da layinmu na Kantin Kwari kowa yana da lambata. Mace ta zo haihuwa jini ya ɓalle, ko yaro mai sikila ya kwanta, ni ake kira, in bar wa yara shago in je in miƙa hannu. A farkon 2023 matar ƙanena ta haihu, aka ce a nemo leda biyu. Na je kamar yadda na saba. Matashin da ke ɗakin gwaji ya soki yatsana, ya ja jinin a wata 'yar siririyar kwalba ya sa a inji. Da ya dawo sai ya ce in buɗe tafin hannuna, sannan ya ja fatar idona ƙasa ya leƙa.

"Alhaji, ba za mu ɗauki naka ba. PCV ɗinka, wato ma'aunin yawan jini, 27 ne, na namiji mai lafiya daga wajen 40 yake farawa. Don Allah ka ga likita a satin nan. Kada ka tsaya a kemis ka sayi maganin ƙarin jini ka ce shi ke nan."

Babu inda yake mini ciwo a lokacin. Abin da na sani kawai, idan na hau benen da muke ajiye diloli sai na tsaya a tsakiya na huta, zuciyata na bugawa har cikin kunne. Bayan azahar barci yakan ɗauke ni a zaune. Telana ya ce ƙuguna ya ragu. Amma shekarata 48, kuma lokacin canjin kuɗi ne, kasuwa ta tsaya cak, mutum ya yini a layin banki ya dawo hannu rabbana. Kowa ka gani a Kwari a rame yake, a gajiye.

Likitan da na fara gani ya daɗe yana tambaya kafin ya taɓa ni. Ina shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen? Domin suna cin bangon ciki har ya yi jini. Ina da olsa? Ina shiga fadama ba takalmi? Bayan gidana ya canja, ya yi baƙi, ko akwai jini ko majina? A gidanmu akwai wanda ya rasu da ciwon ciki da ba a gane kansa ba? Nan na tuna ƙanen mahaifinmu, wanda ya rame ya ƙare cikin 'yan watanni, aka ce jifa ne. Likita ya rubuta wannan ya ja masa layi.

Aka auna jinin sosai, aka auna bayan gida. Ba a ga tsutsa ba, amma an ga jini a ciki wanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin jinina kuma sun ƙanƙance sun koɗe, alamar sinadarin ayon ya ƙare a jiki.

"Malam," in ji shi, "mace mai al'ada ko mai ciki in jininta ya yi ƙasa, mun san ta inda yake tafiya. Namiji mai cin abinci, ko macen da ta daina al'ada, ba su da wannan hanyar. In nasu ya ragu, wani wuri yake zuba, kuma galibi a ciki ne ko hanji. Kamar randa ce mai tsaga a gindi: ba za ka ga ruwa a ƙasa ba, kullum dai ka leƙa ka ga ya ragu. In na ba ka maganin ƙarin jini kawai, ƙara mata ruwa na yi."

Sai ya ce zai duba ni ta dubura da yatsa. Ba na jin akwai namijin Bahaushe da zai ji wannan bai ji wani iri ba. Ya ja labule, ya sa safar hannu, kafin in gama jin kunyar an gama. Ya ce, "Kana da basir ɗan kaɗan. Amma ba shi ya shanye maka jini haka ba."

Wannan maganar ta tsaya mini, domin a wurinmu babu abin da ba a ɗora wa basir. Ciwon baya, kasala, kumburin ciki, rashin kuzarin iyali, jini a bayan gida, duk shi ne, kuma ga mai magani da lasifika a bakin kasuwa yana lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Basir gaskiya ne, yana kuma zubar da jini, ja wur, yana ɗiga bayan mutum ya gama. Matsalar ita ce mutum yana iya samun basir a baki, ga kuma ƙari a can sama, sai na bakin ya rufe wa na saman asiri. Likitan ya bayyana mini cewa babban hanji, wanda wasu ke kira uwar hanji, ya kai kusan mita ɗaya da rabi. Ɓangarensa na hagu matsattse ne, ƙari a nan yakan nuna kansa: yau gudawa gobe taurin bayan gida, ko ya riƙa fita siriri, ko ka gama ka ji kamar da saura, ga jini da majina a cakuɗe. Na dama kuwa yana da faɗi, abin da ke bi ta cikinsa ruwa-ruwa ne, saboda haka ƙari zai daɗe yana girma bai toshe komai ba, sai dai ya yi ta tsiyayar da jini a ɓoye.

Ya tura ni babban asibiti, wurin likitocin ciki. Aka fara leƙawa ta baki da bututu mai kyamara, ba a ga komai a tumbi ba. Aka ba ni ranar leƙa hanji ta ƙasa, wato kolonoskofi.

Shirin ya fi aikin wahala. An ce in dakatar da ƙwayar ƙarin jini mako guda kafin ranar, domin tana baƙanta hanji. Da ranar ta matso aka hana ni ganye, wake, da duk abin da ke da dusa ko 'ya'ya. Ana gobe kuwa sai ruwa, shayi ba madara, da romo tatacce. Sista ta ɗaga yatsa ta ce, "Ban da zoɓo, Alhaji. Ja ne, a kyamara sai a ɗauka jini ne." Da yamma na fara shan maganin wanke ciki, ruwa ne mai gishiri-gishiri, kofi bayan kofi har sai ka ji ba ka son ganin kofin. Daren nan tabarma na shimfiɗa kusa da bayi. Alwala ba ta zama, da ƙyar na samu tsakanin da na yi isha. Sun ce sai abin da ke fita ya koma ruwa garau sannan hanji ya wanku, in ba haka ba a sake sabon lale, a sake biya.

Da safe aka kwantar da ni ta gefen hagu, gwiwa a naɗe zuwa ƙirji, aka yi mini allurar da ta sa jikina ya mutu amma ban yi barci sosai ba. Talabijin ɗin tana gabana, ina kallo sama-sama. Bututun kaurin yatsa ne, suna hura iska don hanjin ya buɗe, wannan ne ke sa murɗa. Cikin hanji sumul yake, jaja-jaja, yana sheƙi, lungu bayan lungu. Can kusa da ƙarshe, ta dama, sai hirar da suke yi ta tsaya. Wani tsiro ne mai kaushi, samansa a ɗaye, da bututun ya goge shi sai ya fara jini. Likita ya zura wani ɗan ƙarfe ta cikin bututun ya gutsuro wurare da dama. Ban ji zafi ba ko kaɗan. Aka zuba gutsattsarin a 'yar kwalba mai ruwan magani, aka manna sunana, aka ba ƙanena ya kai ɗakin da ake duba tsoka da madubin likita.

Makonnin jiran sakamako su ne suka fi tsawo. Labari ya bazu a dangi, kowa da shawararsa. Yayanmu ya zo har gida ya zaunar da ni.

"Ka ji ni da kyau. In dai daji ne, ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ana taɓa shi yake fusata. Wane da wane duk da aka yanka, ina suke?"

Ban yi masa musu ba, yaya ne, kuma tsoro ne ya sa shi faɗa. Amma na kai wa likita maganar yadda take. Bai yi dariya ba. Ya ce yana jin ta kusan kullum, kuma ya san inda ta samo asali: mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci ya cinye, ya bazu zuwa hanta da huhu, a yi aiki don a sassauta musu, bayan wata biyu su rasu, sai a ce wuƙa ce. Wanda aka yi wa da wuri ya warke kuwa yana kasuwa yana harkarsa, ba ya yawo yana nuna tabo. Hajiyarmu ta aiko da rubutu da zuma, na sha, na ci gaba da zuwa asibiti, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba. Jiƙe-jiƙen saiwoyi ne kawai likita ya roƙe ni in bari, saboda hanta da ƙoda, ga aiki a gaba.

Ranar sakamako da uwargida muka je. Likita ya juyo da kujerarsa ya fuskance mu. "Malam, sankara ce ta babban hanji. Yanzu abin da ya rage mu sani shi ne ko ta tsaya a wurin ko ta tafi." Na yi salati. Abin da ya faɗa bayan nan ita ta riƙe, ni ban ji ba, shi ya sa nake cewa kada mutum ya je karɓar irin wannan takarda shi kaɗai. Aka yi hoton CT na ciki da ƙirji, da wani gwajin jini da ake kira CEA. Hanta suka fi dubawa, domin jinin da ya baro hanji ita yake fara bi. Hanta lafiya, huhu lafiya.

Wani abokina ɗan ƙwallo da ya zo dubiya ya ce, "Ai irin ta Pele ce!" Gaskiyarsa, shi ma a 2021 aka gano masa ƙari a ɓangaren dama na hanji wajen binciken lafiya na yau da kullum. Sai da ya faɗa ya tuna mutumin ya rasu a ƙarshen 2022, ya rasa inda zai sa kansa. Na ce ya kwantar da hankali, Pele sai da ya shekara 82.

Kafin aiki sai da aka ƙara mini jini, 'yan layinmu suka yi tururuwa. Babban tsorona a bar ni da ledar bayan gida a gefen ciki. Likitan tiyata ya zana mini hanjin a bayan kati, ya ce wannan ya fi shafar waɗanda ƙarinsu ke can ƙasa kusa da dubura, ko waɗanda suka zo hanji ya riga ya toshe. Nawa za a yanke ɓangaren dama ne tare da kaluluwar da ke kewaye da shi, a haɗa ƙaramin hanji da sauran. Haka aka yi. Washegari suka tashe ni tafiya ina riƙe da sandar ƙarin ruwa. Duk likitan da ya zo zagaye tambayarsa ɗaya: "Alhaji, iska ta fita?" Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi wa mutane albishir da wannan ba, amma ita ce shaidar hanji ya farka, kuma sai da ta fita aka bar ni na kurɓi kunu.

A ɗakin nan na maza na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Dare yana da tsawo a asibiti, masu jinya kuma ba sa rasa hira, kowa zai gaya maka yadda nasa ya fara.

Gadon da ke damana wani dattijo ne manomin shinkafa. Tun yana yaro yake fitsarin jini, tsargiya, irin wadda ake ɗauka a ruwan fadama da kududdufi. A garinsu ba a ɗauke ta ciwo ba, kusan kowane yaro yana yi. Ta tafi ta dawo, har ya tsufa, sai jinin ya dawo da gudaji, ba zafi ba komai. Ya shekara yana kallo. Ƙwan tsutsar da ya daɗe a bangon mafitsara yana iya jawo sankara, ita ce ta kwantar da shi. Ɗansa ya ce da jinin ya zo da ciwo da tuni sun kawo shi.

Na hagu kuwa bai kai arba'in ba, ɗan kasuwa kamar ni, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. An yi ta ba shi maganin shawara. Yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba, wataƙila tun yarinta, kuma sankarar hanta ba ta cika yin gargaɗi ba: ɗan nauyi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, saurin ƙoshi, rama. Kafin ido ya canja an makara. Likitocin suka sa matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa su yi gwajin, wanda na ɗigon jini ne. Mai ɗauke da cutar ana sa masa ido da hoton ciki lokaci-lokaci, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, jarirai kuma ana so a yi musu cikin awa 24 da haihuwa. Na ji suna gargaɗin iyalin kan gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wai gubar da ke ciki tana haɗuwa da cutar ta ƙara lalata hanta. An sallame shi kafin ni, ba don ya warke ba.

Akwai kuma tsofaffi masu robar fitsari, su ne suka fi yawa. Labarinsu kusan ɗaya: tashi fitsari sau da yawa da dare, ya fito ba ƙarfi, a gama yana ɗiga. Wani ƙaramin likita ya ce mini yawancinsu kumburin tsufa ne na 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ba sankara ba, amma ba a rarrabewa sai da gwajin jini na PSA da duban yatsa. Wanda ya zo da ciwon ƙugu da ƙashin baya da ke hana barci, shi suka fi jin tsoro.

Da na haɗa labaran sai na lura da abu guda. Duk wanda ciwo ne ya kawo shi, ya zo a makare. 'Yan kaɗan da aka samu da wuri, wani abu ne marar zafi ya kawo su, abin da za a iya zama da shi: jini kaɗan, ƙullutu, rama ba dalili, canjin da ya ƙi komawa. Wata tsohuwar sista mai aikin dare ta ce ita ƙa'idarta mako uku ce. Tari, dashewar murya, gyambon baki, kaluluwa a wuya, abinci yana maƙalewa a maƙogwaro, miki a ƙafa ko a jikin zabiya da ya ƙi warkewa, in ya wuce mako uku ana magani bai tafi ba, a daina canja kemis, a je a duba. Sau da yawa ba sankara ba ce, tarin ma ya fi zama tibi, amma ita ma tibin ai gara a sani.

Uwargida kuwa a barandar masu jinya take kwana, ta can ta kwaso nata karatun. Ta ga matan da suka ɓoye ƙullutu a mama shekara guda saboda ba ya ciwo kuma suna jin nauyin buɗe wa namiji, har fata ta yi kaushi, kan maman ya shige ciki, ya fashe. Ta ga wata da ta daina al'ada shekaru, jini ya dawo, ta ɗauka ƙuruciya ce ta dawo. Wata kuma jini bayan kwanciyar aure da ruwa mai wari, an yi ta ba ta maganin sanyi. Abin da ya fi tsaya mata a rai yarinya ce 'yar shekara biyu da ake goye da ita, wadda uwarta ta ga ƙwayar idonta tana haske fari idan an ɗauki hoto da filasha. Sankarar ido ce ta yara, kuma don uwar ba ta yi shiru ba, likitoci suna da kyakkyawan zato.

Kafin a sallame ni ta je da kanta aka duba mata mama, aka yi mata gwajin bakin mahaifa, wanda ma'aikaciya mace ce ta yi, cikin 'yan mintuna. A watan Oktoba na shekarar aka fara allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, a Najeriya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Surutu ya yi yawa a unguwa, ana cewa ta hana haihuwa ce. Ita ta kama hannun 'yarmu ta kai ta, ta ce ta ga abin da ake gudu da idonta.

Daga baya na ga ƙiyasin hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022: sama da mutum 120,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Ta mama ce kan gaba, sai ta maza, wato ta ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara, sai ta bakin mahaifa, tawa ta hanji ta huɗu. Kuɗi kuwa ba a magana. Ni ba ni da inshorar lafiya, kamar yawancin 'yan kasuwa, fili na sayar. Akwai asusun Gwamnatin Tarayya na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta maza, kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya yana cikin waɗanda aka fara da su. Mai irin waɗannan ya tambaya. Gano abu da wuri ma sauƙin aljihu ne, domin wanda ya makara ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ga gashin ƙari da inji, ga tafiya wani gari neman injin.

Sakamakon abin da aka yanke ya nuna mataki na 2 cikin 4. Ƙarin ya ci bangon hanji amma kaluluwar da aka ciro, wadda suke so ta kai aƙalla 12 kafin su yarda da lissafin, duk babu komai a ciki. Likitocin suka zauna suka yanke cewa ba sai na yi kemo ba. Sharaɗin shi ne bibiya ta shekara biyar: gwajin CEA duk bayan 'yan watanni, hoto lokaci-lokaci, da sake leƙa hanji bayan shekara guda, wanda na yi aka ga wurin ɗinkin lafiya. Bayan gidana ya fi da laushi, yaji kuma ba ya yi mini kamar da.

Saura 'yan'uwana. Likita ya ce yawancin irin wannan sankara daga ɗan tsiro take farawa, wanda yakan ɗauki kusan shekara goma kafin ya rikiɗe, kuma in an gan shi a kyamara nan take ake tsinke shi. A Amurka tun 2021 an mayar da shekarun fara binciken kowa da kowa 45. Wanda iyayensa ko ɗan'uwansa na jini ya yi kuwa, daga 40 zai fara, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Ga mu ga labarin baffanmu, don haka 'yan ɗakinmu duk sun shiga layi, 'ya'yana kuma daga 38.

Ƙanena ya je, aka samu ɗan tsiro guda aka cire, ya koma gida a ranar. Ƙanwarmu ta je, babu komai. Yaya ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ɗan jinin da yake gani basir ne tun na samartaka, kuma ba wanda zai zura masa bututu da girmansa. Na haɗa shi da Hajiya. Ta kira shi ta ce in dai ita ta haife shi ya je, ya ce to. Na biya kuɗin, na karɓo masa rana a watan gobe, maganin wanke cikin yana shagona, ni zan kai masa ana gobe in tsaya ya fara sha a gabana.